Daga Maƙoƙo Zuwa Lambar TSH: Yadda Likitoci Suka Koyi Jiran Gwaji Na Biyu

Shekaru arba'in da suka wuce, a karkarar Arewa ba sai an je asibiti ake gane mai matsalar tairod ba. Ido ne ke gani. Kumburi ne a gaban wuya, wani kamar ƙwan kaza, wani kamar 'yar ƙwarya, sunansa maƙoƙo. Mata ya fi kamawa, musamman 'yan mata masu tasowa da masu haihuwa.

Yau labarin ya sauya kama. Mutumin Kiru ko Tudun Wada zai shigo Kano da kukan kasala, a ɗebi jininsa, a miƙo masa takarda mai haruffa uku da lamba, misali TSH 6.2. Wuyansa lafiya lau, babu kumburi, amma an ja layi a ƙarƙashin lambar. Nan take tambayoyi su taso: wannan cuta ce? Zan yi ta shan magani ne har ƙarshen rayuwata?

Likitoci suna kiran wannan yanayi ƙaramin raunin tairod, wato raunin da gwaji ke gani tun kafin jiki ya nuna. Sai da aka shafe shekara da shekaru ana bin mutane, ana sake auna jininsu, kafin a fahimci abin da lambar nan ke yi idan lokaci ya tafi. Wannan tarihi ne za mu bi yau, tun daga gishirin fatake har zuwa takardar gwaji.

Tairod da mai yi mata tsawa

Tairod wata 'yar gaɓa ce mai siffar malam-buɗe-littafi, tana kwance a gaban wuya, ƙasa kaɗan da zakaran wuya. Nauyinta a jikin baligi bai wuce giram 15 zuwa 20 ba. Aikinta haɗa sinadarai biyu na homon, T4 da T3, waɗanda ke saita saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, da ginuwar ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Lambobin 4 da 3 ɗin nan adadin ƙwayoyin aidin ne da ke jikin kowane homon. Ka ga kenan idan babu aidin, babu kayan aiki.

Sai dai tairod ba ita ke ba kanta umarni ba. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wata gaɓa mai suna fituwitari, girmanta kamar ƙwayar wake, ita ke aiko da TSH. Ɗauki misalin mai huɗa da shanu. Idan shanun suna tafiya daidai, ba ya ɗaga murya. Da zarar sun fara ja da baya sai ya ƙara tsawa. TSH ita ce tsawar, T4 kuma kunyar da aka huɗe. Idan tsawa ta yi yawa kuma aikin ya ragu, wannan cikakken raunin tairod ne. Idan kuwa tsawa ta ɗan ƙaru amma har yanzu ana gama kunya a kan lokaci, wato TSH ta hau amma T4 tana cikin iyaka, shi ne ƙaramin rauni. Galibin ɗakunan gwaji suna ɗaukar TSH daga 0.4 zuwa 4.0 ko 4.5 a matsayin daidai.

Tsawar nan idan ta daɗe tana sa tairod ta ƙara girma don ta kamo ɗan aidin ɗin da ke yawo a jini. Asalin maƙoƙon da kakanninmu suka sani kenan.

Ƙasa, ruwa da gishirin fatake

Baligi na buƙatar mikirogiram 150 na aidin a rana, mai juna biyu da mai shayarwa kuma 250, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Abu ne ɗan mitsitsi: duk abin da mutum zai buƙata tsawon rayuwarsa bai kai cikin ƙaramin cokali ɗaya ba. Matsalar ita ce galibin aidin na duniya yana cikin teku. Ƙasar da ke nesa da teku, mai tudu, wadda ruwan sama ya daɗe yana wanke ta, takan kasance da ƙarancinsa, haka ma hatsin da aka noma a kanta da ruwan rijiyarta.

A 1954 wata likita 'yar Birtaniya, Dagmar Wilson, ta wallafa bincike kan maƙoƙo a Najeriya da Silon, ƙasar da ake kira Siri Lanka a yau. A yankin Filato ta lura cewa ciwon ya fi yawa a inda mutane ke shan ruwan da ya biyo ta kan tsofaffin duwatsun giranit. Daga baya masana na Jami'ar Jos, irin su Farfesa U. P. Isichei, suka ci gaba da auna girman matsalar a Filato cikin shekarun 1980 da 1990.

Wannan labari ya shafi Kudancin Kano kai tsaye. Duk wanda ya bi hanya daga Kwanar Dangora ya wuce Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore ya nufi Doguwa, ya san yadda ƙasa ke ta hawa, duwatsu na ƙaruwa. Yawancin wannan yanki yana zaune ne a kan irin tsohon dutsen nan, kuma duwatsun Riruwai da aka daɗe ana haƙar kuza a cikinsu dangin na Jos ne. Nan ne kuma ya fi ko'ina samun ruwan sama a Jihar Kano.

To gishiri fa? Ai gishiri kam ba a rasa shi ba. Bebeji babban zango ne a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Zariya. Baturen nan Hugh Clapperton ya ratsa ta a 1826, ya bayyana ta a matsayin babban garin 'yan kasuwa, kuma a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin gidan fataken Agalawa. Ayarin Abzinawa na kawo kantu da beza daga Bilma da Fachi, ana kawo mangul daga ƙasar Manga, ga kuma gishirin Awe da Keana daga kudu. Amma gishirin da ba a ƙara masa aidin ba, na sahara ne ko na teku, abin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Miya ta ji gishiri, tairod kuwa tana cikin yunwa.

Akwai kuma abincin da ke ƙara wa wutar fetur idan dama aidin ya yi ƙaranci. A 1967 Dakta O. L. Ekpechi ya nuna alaƙar rogon da ba a jiƙa ko aka sarrafa da kyau ba da maƙoƙo a Gabashin Najeriya. A Darfur ta Sudan kuma, binciken shekarun 1980 ya nuna cewa gero na ɗauke da wasu sinadarai masu rage wa tairod ƙarfin amfani da aidin. Wannan ba dalilin gudun fura ko kunu ba ne. Illar tana fitowa ne inda aidin ya gaza.

Daga tokar ciyawar teku zuwa ƙwayar magani

A 1811 wani Bafaranshe, Bernard Courtois, ya gano aidin a cikin tokar ciyawar teku. A 1820 likita Jean-François Coindet na birnin Janeba ya fara ba masu maƙoƙo aidin, ya ga kumburin na sacewa. Amma a lokacin ba wanda ya san ainihin aikin tairod.

Sanin ya zo ne ta hanya mai ɗaci. A 1873 William Gull ya bayyana wasu mata a Landan masu kumburin fuska, sanyin jiki da nauyin magana. Shekaru goma bayan haka likitocin fiɗa a Suwizalan, Theodor Kocher da Jacques-Louis Reverdin, suka lura cewa mutanen da aka cire wa tairod gaba ɗaya saboda maƙoƙo suna faɗawa cikin irin wannan hali. Nan aka gane cewa gaɓar tana fitar da wani abu da jiki ba zai yi ba sai da shi.

A 1891 George Murray, wani matashin likita a Newcastle ta Ingila, ya yi wa wata mata mai shekara 46 allurar ruwan tairod na tumaki. Ta miƙe, ta ƙara shekara 28 a duniya tana kan maganin. A 1914 Edward Kendall ya ware sinadarin tairoksin, wato T4, a Amurka. A 1927 Charles Harington da George Barger suka haɗa shi a ɗakin gwaji. T3 kuma sai a 1952 Jack Gross da Rosalind Pitt-Rivers suka gano shi.

Ta ɓangaren rigakafi, David Marine ya fara ba 'yan mata 'yan makaranta aidin a garin Akron na Amurka a 1917, maƙoƙo ya ragu ƙwarai a cikinsu. Suwizalan ta fara sayar da gishiri mai aidin a 1922, jihar Michigan ta bi sahu a 1924.

Abin lura a duk wannan zamani shi ne, marar lafiya ne ke zuwa da ciwonsa a bayyane. Likita na gani da ido, yana taɓawa da hannu. Ba a san wani abu wai shi ƙaramin rauni ba, don babu ma'aunin da zai nuna shi.

Ranar da Najeriya ta gyara gishirinta

A 1983 likita Basil Hetzel na Ostireliya ya ja hankalin duniya cewa maƙoƙo ɗan abin da ido ke gani ne kawai. Babbar ɓarnar ƙarancin aidin tana ƙwaƙwalwar jarirai: ɓari, haihuwar gawa, tsumburewa, kurumta da raunin fahimta. A taron shugabannin duniya kan yara da aka yi a New York a 1990, ƙasashe suka ɗau alkawarin kawar da matsalar.

Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 1993 ya nuna kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka duba suna da maƙoƙo, kuma gidajen da ke amfani da gishiri mai aidin ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. A wannan lokaci ne aka wajabta sa aidin a duk gishirin ci: miligiram 50 a kowane kilo a masana'anta ko tashar jirgin ruwa, 30 kuma a hannun mai sayarwa. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne yawancin gishirin ƙasar na shigowa ne ta hannun kamfanoni ƙalilan, don haka sa ido bai yi wuya ba. Hukumar SON na lura da masana'antu, NAFDAC kuma, musamman zamanin Farfesa Dora Akunyili daga 2001 zuwa 2008, na bin kasuwanni. Cikin 'yan shekaru gidajen da ke cin gishiri mai aidin suka kai kashi 98 cikin 100, kuma a 2005 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta cika wannan buri.

Shi ya sa yaron da aka haifa a Bebeji ko Doguwa bayan 1995 ya taso cikin wata duniya dabam da ta kakarsa, ba tare da ya sani ba. Gishirin leda ya yi aikin da asibiti dubu ba za su iya ba.

Sai dai gyara aidin ba ya kawo ƙarshen cututtukan tairod, salonsu yake sauyawa. Inda aidin ya wadata, babban dalilin raunin tairod shi ne cutar da likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912, inda garkuwar jiki ke juyowa tana cin tairod a hankali. Wani bincike da aka wallafa a 2006 ya bi mutane shekara biyar a yankuna uku na ƙasar Sin. A yankin da aidin ya ɗan gaza, kashi 0.2 cikin 100 ne suka sami ƙaramin rauni. A inda aidin ya wuce buƙata an sami kashi 2.6, a inda ya yi yawa sosai kuma 2.9. Darasin shi ne a tsaya a tsakiya. Ribar ceton ƙwaƙwalwar yara ta fi wannan ɗan ƙari nesa ba kusa ba, amma babu dalilin shan ƙarin aidin barkatai ba da umarnin likita ba.

Lokacin da gwaji ya riga ciwo

Wajen 1960 Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka ƙirƙiro hanyar auna homon komai ƙanƙantarsa a cikin jini. Zuwa 1965 an yi amfani da dabarar wajen auna TSH. Nan fa aka fara cin karo da wasu mutane: T4 ɗinsu daidai, ba sa kukan komai ko kukansu kaɗan ne, amma TSH ta hau. Dalili kuwa, fituwitari tana da kunnen ji sosai. Raguwar T4 kaɗan, wadda ba ta fitar da shi daga iyaka ba, tana iya ninka TSH. A 1973 David Evered da abokan aikinsa suka rubuta cewa raunin tairod hawa-hawa ne, suka sa wannan a matakin farko.

Tambayar da ta rage ita ce, shin duk wanda ya taka matakin farko sai ya kai na ƙarshe? Ba yadda za a sani sai an jira.

Garin Whickham da ke kusa da Newcastle ne ya fara ba da amsa. Tsakanin 1972 da 1974 aka auna manya 2,779. An sami TSH sama da 6 a kashi 7.5 cikin 100 na mata da kashi 2.8 na maza. Bayan shekara 20 aka koma aka nemo su, aka wallafa sakamakon a 1995. Matan da TSH ɗinsu kaɗai ta hau, kusan 2.6 cikin 100 ne ke shiga cikakken rauni a kowace shekara. Waɗanda kuma ke da alamar garkuwar jiki na yaƙar tairod, wato gwajin antibodi ya nuna, adadin ya kai 4.3 cikin 100 a shekara. Wato ko a rukunin da ya fi haɗari, a kowace shekara fiye da 95 cikin 100 ba sa tsallakawa. Amma idan shekaru suka taru, adadin na taruwa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: gwajin antibodi da tsayin lambar farko su ne Larabar.

Hanyoyi uku da lambar ke bi

Binciken da suka biyo baya sun nuna cewa ƙaramin rauni na bin ɗaya daga hanyoyi uku: ya koma daidai, ya tsaya inda yake, ko ya ci gaba.

A birnin Basel an bi mata 82 kusan shekara tara, aka wallafa a 2002. Kashi 28 cikin 100 sun shiga cikakken rauni, 68 suka tsaya inda suke, 4 suka koma daidai. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, cikin waɗanda suka fara da TSH tsakanin 4 da 6 babu wadda ta tsallaka, alhali cikin masu sama da 12 kusan uku cikin huɗu ne aka ƙiyasta za su tsallaka a shekara goma.

A Sifaniya, binciken 2004 kan mutum 107 masu shekara 55 zuwa sama ya sami kusan kashi 27 sun ci gaba, kashi 37 kuma sun koma daidai ba tare da magani ba. A Isra'ila aka duba bayanan gwajin mutum sama da 400,000, aka wallafa a 2007: cikin waɗanda gwajin farko ya nuna TSH tsakanin 5.5 da 10, kusan kashi 62 cikin 100 sun dawo daidai da aka sake aunawa.

Me ke sa lamba ta hau ta sauko haka? Dalilan na da yawa. TSH na hawa da dare, tana sauka da rana, don haka jinin safe da na la'asar ba lallai su zo ɗaya ba. Tana ɗan hawa lokacin sanyi. Tana hawa na ɗan lokaci idan mutum na farfaɗowa daga rashin lafiya mai tsanani. Bayan haihuwa, kusan mace ɗaya cikin 20 takan sami kumburin tairod da ke rikita lambobin na wasu watanni, kuma yawanci yakan wuce. Ƙiba mai yawa na ɗaga ta kaɗan, haka wasu magunguna irin na tsarin bugun zuciya da na taɓin hankali.

Mutanen Bebeji sun fi kowa sanin wannan a aikace. Dam ɗin Tiga, da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, idan ka je masa a watan Afrilu za ka ga ruwa ya ja baya. Ka dawo a Satumba ka tarar ya cika. Wanda ya auna sau ɗaya a bazara ya ce dam ya mutu, ya yi garaje. Sai an jera ma'auni da yawa ake sanin ko ja da bayan na yanayi ne ko na gaske.

Kowa da ma'auninsa

A 2002 Stig Andersen da abokan aikinsa a Denmak suka riƙa auna maza 16 masu lafiya kowane wata har shekara guda. Sai suka ga kowane mutum na da nasa ɗan zangon da homon ɗinsa ke yawo a ciki, kuma faɗin wannan zango kusan rabin na jama'a ne gaba ɗaya. Ma'ana, iyakar da ke kan takardar gwaji ta taron mutane ce. Taka iyakar ta fi ta matsewa.

Wannan rukuni na masana ya sake yin irin aikin a kan mutum 21 masu ƙaramin rauni da ba sa shan magani, wata-wata har wata 13, aka wallafa a 2008. Sun ga lambar na kai-komo da kanta, har sai bambancin gwaji biyu na TSH ya kai kusan kashi 40 cikin 100 kafin a ce wani abu ya sauya da gaske. Kenan wanda ya tashi daga 6 ya koma 7 kada ya tayar da hankali, wanda kuma ya sauko daga 7 zuwa 6 kada ya yi saurin cewa wani jiƙo ne ya yi masa aiki.

Shekaru ma na da tasiri. Bayanan binciken lafiyar jama'a na Amurka sun nuna TSH na hawa da tsufa, har iyakar sama ta kai wajen 7.5 a masu shekara 80 zuwa sama da ba su da cutar tairod. Lambar da za ta sa a bincika budurwa 'yar shekara 25 tana iya zama daidai ga kakarta. Binciken ya kuma nuna cewa baƙaƙen fatar Amurka na da TSH ƙasa kaɗan da ta fararen fata, kuma antibodi bai cika yawa a cikinsu ba. Wannan na nuna muhimmancin masana a Kano, Zariya da Sakkwato su fitar da iyakokin da aka auna daga jinin mutanenmu.

To, a sha magani ko a jira?

Maganin raunin tairod ƙwaya ce 'yar ƙarama da za ka ga an rubuta Levothyroxine a kwalinta. Ga mai cikakken rauni, magani ne mai ceton rai, babu gardama. Gardamar tana kan ƙaramin rauni.

A 2017 aka wallafa babban gwajin TRUST, wanda aka yi a Birtaniya, Ailan, Holan da Suwizalan kan mutum 737 masu shekara 65 zuwa sama. Rabi aka ba maganin gaske, rabi aka ba ƙwayar da babu komai a ciki. Bayan shekara guda lambar TSH ta sauka a masu shan maganin, amma kasala da sauran alamomi ba su bambanta tsakanin rukunin biyu ba. Tun ma kafin a fara, kusan shida cikin goma na waɗanda aka gayyato saboda tsohon gwajinsu ya hau, an sallame su, don da aka sake aunawa lambarsu ta riga ta koma daidai.

Shan maganin fiye da buƙata kuma na da nasa haɗari, musamman ga tsofaffi: rikicewar bugun zuciya da zaizayewar ƙashi. Ga kuɗin magani da na gwaji da na mota, shekara bayan shekara.

Saboda haka ƙa'idar da likitoci suka fi bi a yau ita ce: idan TSH ta ɗan hau, a sake aunawa bayan wata biyu zuwa uku, tare da T4 da antibodi. Idan ta tsaya a 10 ko sama, galibi akan ba da magani, musamman ga wanda bai tsufa ba. Idan tana ƙasa da 10, akan duba shekaru, alamomi da antibodi, a ci gaba da aunawa duk wata shida ko shekara.

Akwai rukuni ɗaya da wannan jira bai shafa ba: mai juna biyu da mai neman haihuwa. A watannin farko jariri ya dogara ne kacokan a kan homon ɗin uwarsa, kuma iyakar TSH ta masu ciki ta fi ta sauran mutane ƙasa. Ita kam ta ga likita da wuri.

Abin da za mu riƙe

Mutumin Doguwa da zai yi tafiya mai nisa kafin ya isa ɗakin gwaji a birni, ko ya ga ƙwararren likita a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ba zai so a ce masa ya dawo bayan wata uku ba. Amma tafiya ta biyun nan ta fi arha a kan shekara talatin na maganin da mai yiwuwa ba ya buƙata. Ga wasu abubuwa da za su taimaka.

A adana takardun gwaji duka, da kwanan watansu. Jerin lambobi ya fi lamba ɗaya magana. In da hali, a maimaita a ɗakin gwaji ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, kuma ba a tsakiyar jinya ko daf da tashi daga ita ba.

Kasala ba tairod kaɗai ke kawo ta ba. Ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, ciwon suga, rashin barci da damuwa duk suna yi. Kada lamba 5 ko 6 ta rufe ido daga neman ainihin dalili.

Wanda aka ɗora a kan magani ya sha shi da ruwa, ciki babu komai, ya jira aƙalla rabin awa kafin ya karya, kuma ya raba shi da ƙwayar ƙarin jini ko ta ƙarin ƙashi da awa huɗu. Ba a sake gwaji sai bayan mako shida zuwa takwas da sauya yawan magani, don yana ɗaukar lokaci kafin ya daidaita a jini. Kafin azumi a tambayi likita lokacin da ya fi dacewa a sha. Kada a daina don an ji sauƙi.

Kumburin wuya kuwa, ko TSH na daidai, a kai shi a duba, musamman idan yana girma da sauri, ko murya ta dishe, ko haɗiya na wuya.

Sai gishiri. Nasarar 1993 ba ta gado ba ce, kullum ake sabunta ta a kasuwa da madafa. Aidin na raguwa idan gishiri ya daɗe a buɗe cikin rana da laima. A sayi na leda mai tambarin aidin, a zuba shi a mazubi mai murfi, a bar gishirin dabbobi ga dabbobi. Ba a ce a ƙara yawan gishiri a miya ba, don hawan jini na nan yana jira. Ɗan kaɗan ɗin da ake ci dai ya zama mai aidin.

Kakanninmu sun ga ciwon a wuya ba su da ma'auni. Mu muna da ma'aunin da ke gani tun kafin ciwo ya bayyana, don haka abin da ya rage mana shi ne sanin yadda ake karanta shi: a auna, a jira, a sake aunawa, sannan a yanke shawara tare da likita. Allah Ya ƙara mana lafiya.